Layi ɗaya, lamba uku: inda talaka ke maƙalewa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mu tofa albarkacin bakinmu a kan yadda aka tattara banki da jarrabawa da katin ɗan ƙasa da tallafin gwamnati aka zuba cikin wayar hannu. Mu masu sana'ar rajistar layi ne da POS da gyaran waya, kuma a gaban teburanmu ne ake gane ko tsarin ya yi aiki ko ya cije. In ana zancen waɗanda aka bari a baya, galibi sai a ce ai ƙauye ne babu sabis, a rufe magana. Gaskiya ne akwai ƙauyukan da sai an hau tudu ko bishiya kafin a yi kira. Amma ko a tsakiyar Kano da Kaduna, inda sabis ya cika fal, mutane na maƙalewa kullum, domin an ɗaure komai a jikin layin waya ƙwaya ɗaya, kuma ba a zaunar da kowa an yi masa bayanin haka ba.

Lambobi uku ne ke riƙe da ɗan Najeriya a yau, kowacce mai alƙaluma 11: lambar wayarsa, lambar BVN ta banki, da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa. Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da BVN a 2014. A watan Disamban 2020 gwamnati ta ce kowane layi sai an haɗa shi da NIN, a Afrilun 2022 aka hana miliyoyin layukan da ba a haɗa ba yin kira, aka yi ta ɗage wa'adi har aka tsaya a kan 14 ga Satumban 2024. Hukumar JAMB ta wajabta NIN tun 2021. A ƙarshen 2023 Babban Banki ya ce ko ƙaramin asusu, irin wanda ake buɗewa a waya, sai an liƙa masa BVN ko NIN. Rancen karatu na NELFUND da aka fara a 2024 shi ma yana neman NIN da BVN da lambar JAMB. Kowace hukuma ta kawo nata sharaɗin ita kaɗai, da hujjarta mai kyau, amma da aka haɗa su sai suka zama sarƙa. Zobe ɗaya ya tsinke, duka ta zube.

Zoben da ya fi saurin tsinkewa a ƙasar Hausa shi ne suna. Mutum ɗaya ne, a makarantar firamare an rubuta shi Muhammadu, a banki Mohammed, a wurin NIN Muhammad, a gida kuwa Mamman ake kiransa. Kowa a unguwa ya san shi ne, kwamfuta ce ba ta sani ba. Haka A'isha da Aisha da Aishatu, haka Mu'azu da Sa'adatu, waɗanda wasu na'urori ba sa karɓar ɗan wakafin da ke tsakiyar sunansu, sai ma'aikaci ya cire shi a nan ya bar shi a can. Ga kuma batun sunan dangi. Fom ɗin an tsara shi ne a kan al'adar masu sunan gida guda ɗaya da ake gada, mu kuwa sunan uba muke sawa, wani ya ƙara da na gari, Bichi ko Funtuwa ko Gumel. Yau an sa sunan uba a gurbin sunan dangi, gobe an sa na gari, jibi an juya su. Mace ta yi BVN da sunan mahaifinta tana budurwa, ta yi NIN da sunan mijinta bayan aure. Ranar haihuwa kuwa ba a magana. Dattijon da bai riƙe rana ba, sai mai rajista ya dube shi ya ƙiyasta, ya rubuta 1 ga Janairu na shekarar da ta zo masa a rai, na banki shi ma ya yi nasa ƙiyasin daban. Ranar da aka ce a haɗa lambobin biyu sai na'ura ta ce mutum biyu ne.

Gyaran ba ƙaramin aiki ba ne. Tun 2024 hukumar NIMC, mai ba da lambar NIN, ta mayar da gyare-gyare kan shafinta na intanet, kowa ya yi da kansa. Sai mutum yana da imel, da babbar waya ko kwamfuta mai kyamara domin ɗaukar fuska, da data, da hanyar biyan kuɗi ta intanet. Gyaran ranar haihuwa yana buƙatar takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, kuɗinsa ya haura naira 28,000 bayan ƙarin da aka yi a 2025, kuma sau ɗaya tak ake yarda a gyara. Sannan asusun da aka buɗe a shafin yana ɗaure ne da na'urar da aka fara buɗe shi a kanta, don haka wanda ya fara a kwamfutar shagon intanet, ya koma gida zai ƙarasa a wayar ɗansa, yana iya tarar da an kulle shi. Ashe kuskuren da ma'aikaci ya yi cikin daƙiƙa biyu, manomi ne zai sayar da akuya ya biya. Shawararmu ga iyaye: a ɗauki takardar NIN a matsayin uwa. Duk inda za a rubuta sunan yaro, makaranta ce ko banki ko rajistar WAEC da NECO, a kwafa daga jikinta harafi bayan harafi, a jere yadda yake. Kuma kafin mai rajistar NIN ya danna aikawa, a sa ya juyo da fuskar kwamfutar a karanta, ko a je da wanda zai karanta. Yin NIN karon farko kyauta ne a doka, ko da yake kowa ya san abin da ake karɓa a wasu wurare.

Zobe na biyu shi ne mallakar layin. Mata da yawa, musamman na kulle da tsofaffi, layin da ke hannunsu da NIN ɗin miji ko ɗa ko ƙane aka yi masa rajista, don shi ne ya je kasuwa ya sayo. Ba a ganin illar sai waya ta ɓata. Dawo da layi, abin da ake kira walkam-bak, sai mai sunan da ke kan rajistar ya je da kansa an duba fuskarsa ko yatsansa, a tambaye shi lambobin da aka fi kira da katin da aka sa na ƙarshe. In aure ya mutu, ko maigidan ya rasu, ko yaron ya tafi ci-rani Legas, matar ta rasa layin ke nan. Kuma a jikin layin nan ne alat ɗin bankinta yake, da lambar OTP da ake turowa kafin a fitar da kuɗi, da lambar da ta bayar a rajistar tallafi. Kuɗinta na nan a asusu, ba ta da hanyar taɓa shi.

Akwai kuma layin da aka ajiye. In layi ya yi kamar wata shida ba kira, ba saƙo, ba sa kati, kamfani na iya rufe shi, in aka ƙara jinkiri a sayar wa wani. Banki bai san an yi haka ba, zai ci gaba da tura alat ga sabon mai layin. Mai tsoron Allah ya share, marar tsoro ya fara lalube. Duk layin da ke haɗe da banki, a riƙa sa masa ko katin naira 100 ne ana yin kira ɗaya a wata. Wanda ya canja layi ya je banki da ƙafarsa ya canja lambar a asusun da kuma a BVN, domin wurare biyu ne daban, kuma mutane da yawa ɗaya suke gyarawa su manta ɗayan.

In an sace waya, yawancin mutane ofishin kamfanin layi suke fara nufa washegari. Kafin nan an gama da su. Ɓarawon yau ba wayar ce ta dame shi ba, layin yake so. Zai zare shi ya sa a wata wayar, ya danna *565*0# lambar BVN ta fito, ya bi saƙonnin alat ya gane bankin, daga nan ya shiga gwada sayen kati da tura kuɗi ta lambobin USSD, wato lambobin da ake dannawa masu farawa da * su ƙare da #. Don haka asusun ake fara rufewa. Kowane banki na da lambar rufe asusu da ake dannawa daga wayar kowa, a tambaya tun yau a rubuta a takarda a ajiye a gida, ba a cikin wayar ba. Sai a kira 300 daga layin kamfani ɗaya a nemi a rufe layin. Rigakafin kuwa bai kai minti biyu ba: a sa wa layin kansa lambar sirri a cikin saitin waya, ta yadda in aka sa shi a wata waya ba zai buɗe ba. A kula, in an yi kuskure sau 3 zai nemi lambar PUK mai alƙaluma 8, wadda ke jikin faifan robar da aka ɓalle layin daga ciki, in ita ma aka kuskure sau 10 layin ya mutu. Wannan faifan da ake jefarwa a bakin shago ya fi kwalin wayar amfani.

Ɗalibai su ne abin tausayi. Mai neman JAMB zai rubuta NIN, ya bar tazara, ya sa lambobinsa 11, ya tura zuwa 55019 ko 66019, a cire masa naira 50, a turo masa lambar da zai sayi fom da ita. Abu ne mai sauƙi a baki. Amma saƙon ba ya tafiya in data ce kawai a layin babu kati. Layin da yaya ko ƙanwa ta taɓa yin JAMB da shi ba ya yi wa wani. Mafi muni shi ne yaron da ba shi da waya, mai shago ya yi masa da wani layi da imel ɗin da shi mai shagon ya ƙirƙira. Duk abin da zai biyo baya, ranar jarrabawa da sakamako da karɓar gurbin karatu, ta wannan layin da wannan imel ɗin zai bi, har bayan shekaru. Yaro ya ci jarrabawa, an ba shi gurbi, bai sani ba har lokaci ya wuce. Uban da zai iya biyan kuɗin fom, ya daure ya fara saya wa yaron layinsa na kansa, ya riƙe masa shi kamar takardar gona.

Tun 2015 jarrabawar gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta, yanzu tambaya 180 ce cikin awa 2. Ɗan makarantar kuɗi ya saba da na'urar tun yana aji uku. Ɗan makarantar gwamnati ta ƙauye kuwa, ranar jarrabawar ce ranar farko da ya ɗora hannu a kan linzamin kwamfuta, bayan ya yi sammako ya biya kuɗin mota zuwa wani gari. Minti goma sha biyar na farko a rawar hannu suke tafiya. Alhali abin da yake buƙata kaɗan ne: A da B da C da D na zaɓen amsa, N ta ci gaba, P ta koma baya, S ta miƙa aiki. Kwamfuta biyar da sola ɗaya a kowace babbar sakandare, da awa biyu a mako ga 'yan ajin ƙarshe, sun isa su cire wannan tsoron. Ba mu ga ƙaramar hukumar da za ta ce wannan ya fi ƙarfinta ba.

Maganar kuɗi kuwa, ba wanda ya manta farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, tsabar kuɗi ta ɓace, har jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka kai ƙara Kotun Ƙoli, ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsofaffin kuɗin su ci gaba da aiki. A waɗancan makonnin ne mai shayi da mai nama da mai kayan miya suka buɗe asusu a OPay da Moniepoint da PalmPay, ba don sha'awa ba. Alheri ya fito daga ciki, dole a faɗa. Fataken Dawanau da na kasuwar shanu ta Potiskum sun rage yawo da buhun kuɗi a hanyar da ba ta da tsaro, ɗan ci-rani na turo wa uwarsa kuɗin magani cikin minti ɗaya. Sai dai a lissafa abin da mai ƙaramar waya ke biya. In zai tura naira 10,000 daga banki ta USSD, a farashin 2025 akwai naira 6.98 na danna lambar, da naira 25 na turawa ban da harajin VAT, da harajin naira 50 da ke kan duk kuɗin da ya kai 10,000. Wanda aka tura wa, in ƙauyensu babu banki, zai bar wa mai POS naira 100 zuwa 200 kafin ya riƙe kuɗin a hannu. Mai wayar komai-da-ruwanka a birni, wanda ke biyan komai ta manhaja, bai san rabin wannan ba. Wanda ya fi ƙarancin kuɗi shi ya fi biya a kan kowace naira.

Ranar kasuwa ce ranar da tiransifa ta fi maƙalewa, kuma akwai dalili. Ƙarfen sabis ɗin garin an kafa shi ne daidai mutanen garin. Ranar da kasuwa ta ci, a Maigatari ko Mai'aduwa ko Illela, jama'a sun ninka sau da yawa, kowa na kira, kowane injin POS na neman hanya. Sai a cire kuɗi a asusun mai saye, rasit ya fito da cewa bai yi ba, mai kaya bai ga komai ba. A nan ake rigima, a nan kuma ake asara, domin mutum cikin fushi sai ya ce a sake gwadawa, a cire masa sau biyu. Kada a sake sai an duba ragowar kuɗin asusun. A karɓi rasit ɗin da ya nuna bai yi ba, a ɗauki hotonsa ko a kwafe lambar cinikin nan take, don takardar injin tana gogewa in ta sha zafi ko ta kwana biyu a aljihu. Ƙa'idar Babban Banki ta 2020 ita ce a mayar da kuɗin POS da ya maƙale cikin awa 72. In bai dawo ba a kai koke bankin mai katin, ba wurin mai POS ba, a karɓi lambar koke. In mako 2 ya wuce shiru, a kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa na Babban Banki. Matsalar layi ko data kuma, bayan an gaya wa kamfani bai yi komai ba, a kira hukumar kula da sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne. 'Yan kasuwa su ma su daina sakin kaya don an nuna musu hoton rasit a waya ko don saƙo ya shigo. Ana ƙirƙirar duka biyun. Ragowar kuɗin asusunka ce shaida.

Harshe ma shinge ne, ko da yake ba a cika kawo shi ba. Jerin zaɓin USSD da na manhajojin banki da Turanci suke, kuma suna da ɗan lokaci, in ka tsaya haɗa baƙi sai su yanke. Mutumin da ake kira jahili a banki sau da yawa mahaddaci ne, yana rubuta ajami kamar ruwa, kuma ya iya lissafin buhu ɗari a ka. Duba yadda tsofaffi suka rungumi saƙon murya a WhatsApp ba wanda ya koya musu. Da aka ƙi yi musu magana da harshensu, sai suka koma miƙa kati da faɗin lambar sirri da ƙarfi a gaban jama'a, ko su rubuta ta a bayan katin. Daga nan ne 'yan damfara ke shiga, su kira da Hausa tsantsa, cikin ladabi, su ce daga banki ne za a rufe BVN in ba a karanto lambar da aka turo ba. Ɗan damfara ya koyi Hausa, banki bai koya ba. Ba ma'aikacin bankin da zai nemi lambar sirri ko OTP a waya, wannan ya kamata limamai da gidajen rediyo su yi ta maimaitawa.

Duk wannan kuma sai in akwai sabis da wuta. A Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ga mutane na hawa mota zuwa wata jiha don su yi kira ko su ciri kuɗi. A ƙarshen Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta, cajin waya ya zama abin bin layi, injinan POS suka mutu. A Janairun 2025 aka amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kan kira da data. Kowane ƙarfen sabis yana cin dizal ko sola da batura, yana buƙatar mai gadi, kuma kamfani ba ya kafa shi inda ba zai mayar da kuɗinsa ba. Don irin waɗannan wurare ne dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF. Muna so 'yan majalisarmu su nemi jerin garuruwan mazaɓunsu da asusun ya taɓa, su buga mana shi a jarida. Gwamnoni kuma suna da nasu: an amince a karɓi naira 145 a kan kowace mita ta wayar fayiba, mai ɗaukar intanet, da aka binne, Kaduna ta yafe nata gaba ɗaya tun 2020. Gwamnatin tarayya ta ce za ta shimfiɗa kilomita 90,000 na fayiba. Jihar da ta tsawwala kuɗin haƙa, a gefenta wayar za ta bi ta wuce, kuma 'yan kwangilar titi da ke datse ta da katafila ba tare da sanar da kowa ba su ma a ja musu kunne.

Roƙonmu ga hukumomi ba shi da tsada. Kuskuren da aka tabbatar na ma'aikacin rajista ne a gyara shi kyauta, a ofis, ba sai ta intanet ba. A riƙa kai na'urar NIN mazaɓu da ma'aikata mata, a haɗa da na kamfanonin layi a rana ɗaya, domin matan gida su mayar da layukansu sunansu. Kafin a sayar da tsohon layi, kamfani ya sanar da bankuna su cire shi daga asusun tsohon mai shi. Bankuna su sa Hausa a jerin zaɓin USSD kamar yadda kamfanonin waya suka sa ta a layin kiran ma'aikatansu. Kuma duk shirin tallafi ko rabon taki da za a ce sai ta manhaja, a ajiye tebur ɗaya da takarda da biro a sakatariyar ƙaramar hukuma, da ma'aikacin da zai shigar wa wanda ba shi da babbar waya, ya ba shi rasit mai lamba ya tafi da shi gida.

Mun gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam.

Naku,
Wasu masu sana'ar rajistar layi da POS da gyaran waya,
daga Kano.